Halilu Mai Kama Makafin Ƙarya

Halilu taubashina ne. Uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito, saboda haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, in ya ji haushi ya kai ƙara. Sunana Zulai, ina tuyar ƙosai a bakin kasuwar Bande, kuma kaskona taku goma ne daga tsamiyar da makafin garinmu suke zama suna tufkar igiya. Babu abin da aka yi a gindin tsamiyar nan da bai shiga kunnena ba, har da wanda ba a so in ji.

Kafin ya makance, Halilu ɗan amalanke ne. Rake yake ɗauka daga fadama ya kai Magariya, wani lokaci har Sassumbrum, da wani jaki mai taurin kai da mutane suke cewa halinsu ɗaya. Ya san kowace hanya da kowane rami. Ya san gidan da ake dama wa baƙo fura mai kauri da gidan da ake tsinka ta da ruwa. Baki kuwa Allah ya ba shi har ya yi yawa. Ana nan sai gani ya fara yi masa hazo-hazo. Ya sa kwalli, ya sha rubutu, ya ɗiga abubuwan da ko jakin ba zai yarda a ɗiga masa ba. Ranar da ya tura amalanke cikin shingen wani bawan Allah da rana tsaka, ya sayar da jakin, ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure.

Shekara biyu ya yi a ɗakin nan. Nakan je in tsaya a ƙofa in zage shi tas, in ce masa bawana ya zama kazar kwanci, ko uffan ba ya cewa. Abin ya ba ni tsoro ƙwarai, don tun muna yara bai taɓa barin magana ta kwana a wurinsa ba.

Wanda ya fito da shi Zakariya'u ne, Sarkin Makafin Bande, dattijon da ƙyanda ta tafi da idonsa tun yana ɗan shekara huɗu. Wata safiya ya dogara sandarsa har ƙofar ɗakin, ya zauna a ƙasa, ya hau tufka. Bai yi wa Halilu wa'azi ba, bai ce masa ya yi haƙuri ba. Sai ya ɗaga murya kamar da wani yake:

"An ce a ɗakin nan akwai wani ɗan amalanke da yake yawo yana cewa igiyar makafin Bande ba ta da ƙwari. Ashe shi ne bai iya ɗauri ba."

Kwana uku yana zuwa yana maimaita wannan magana. A na huɗu aka ji murya daga ciki: "Wallahi igiyarku ta banza ce! Sau biyu tana zubar mini da rake a hanyar Yekuwa!"

"To fito ka nuna mana yadda ake yi," in ji Zakariya'u.

Gardama ce ta fito da shi, kuma bai sake komawa ba. Zakariya'u ya kama yatsunsa ya koya masa murza rama a cinya, ya koya masa jin rami da sanda, da sanin mutum daga tafiyarsa. Cikin shekara guda igiyar guga ta Halilu ta yi suna, masu shanu suna zuwa daga rugage suna cewa dabaibayinsa suke so. Su goma sha huɗu ne a ƙungiyar makafin, maza a tabarma ɗaya, mata uku a gefe suna saƙar faifai. In wani ya kwanta ciwo sauran su tuƙa rabonsa. Ranar Juma'a su jeru, hannu a kafaɗar na gaba, su nufi masallaci suna musu a kan wa ya taka wa ƙafa.

Da aka yi wa ƙungiyar rajista a meri, wato ofishin magajin gari, aka ba kowa kart mai hoto, wata ƙungiyar agaji ta fara kawo musu rama da fararen sanduna da rediyo. Nan take makanta ta yi farin jini a Bande. Mutanen da jiya suke zura zare a allura suka fara lalube. Halilu ne ya miƙe a taro ya kawo doka da bakinsa: mai ido ba ya hawa tabarmar nan, ko ɗan wane ne. Aka amince, aka kuma naɗa shi mai gwaji. Ya ji daɗin muƙamin fiye da kima. Wani Laminu ya zo da sanda da rufaffun idanu yana salati. Halilu ya zaunar da shi kusa, ya yi ta jan sa da hira, can sai ya miƙa goro a tafin hannu bai ce komai ba. Laminu ya ɗauka har da godiya. Halilu ya yi shekaru yana ba da labarin nan, kullum goron ƙara girma yake yi.

Shekararsa tara a gindin tsamiya, sai bara bayan girbi masu duba ido suka zo daga Magariya, da wata majo, babbar ma'aikaciyar asibiti, mai suna Mariya, mace mai fara'a amma ba ta ɗaukar wargi. Zakariya'u ya ce kowa sai an duba shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da 'yar fitila. Da ta gama, ta ja Halilu gefe, ta kira ni tunda ni ce danginsa na kusa.

"Baba, naka yanar ido ce kawai," ta ce. "Oparasiyo ɗin, wato aikin cire ta, ba ya kai rabin awa. Da yardar Allah za ka gani."

Na saki guɗa. Halilu ya damƙe mini hannu har na ji zafi.

"Rufa mini asiri, 'yar nan," ya ce wa majo. "Sauran fa?"

Ta ce sauran nasu ba na aiki ba ne.

Tun daga ranar ya shiga wasan ɓuya. Majo ta aiko a tuna masa randebu, ranar da aka sa masa ta zuwa asibiti, ya ce zazzaɓi. Ta sake aikowa, ya ce ya yi mafarki mara kyau. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na tare shi a zaurensa na ce ko ya bi ni Magariya, ko in tsaya a tsakiyar kasuwa in yi shela. Na zaci zai rama da zagi. Sai ya sunkuyar da kai.

"Zulai, ina son in gani. Wallahi ina so, har kuka nake yi in na tuna. To in na gani, ina zan zauna? Ni na kafa dokar nan. Duk duniya mutanen nan ne suka zo ƙofata."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban nuna masa ba, kada ya samu kai. Muka shirya cewa za mu ta'aziyya Dungas. Aka yi masa aiki a idon dama, aka ce na hagu sai bayan wata biyu. Washegari majo ta cire pansama, bandejin da aka rufe idon da shi, ina tsaye a gabansa. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye suka zubo. Ya ƙura mini ido ya daɗe.

"Innalillahi," ya ce. "Zulai, haka kika tsufa? Majo, mayar mini da pansamar nan."

Da ba a asibiti muke ba da na kwaɗa masa takalmi.

Ya dawo Bande da baƙin linet, wato tabarau, da sandarsa, ya ce linet ɗin tsarabar Dungas ce. Ya koma tabarma ya ci gaba da makanta. Masu ido duk ya ruɗe su, don ya san aikin sarai: ya yi lalube, ya yi karo da turmi da gangan, har ya tambayi mutum "wane ne?" alhali yana kallon tsagar fuskarsa. Ni kaɗai nake ganin yadda hannunsa yake sauka daidai kan ƙosai mafi girma a faranti. Haka aka yi sati biyar. Randebu na ido na biyu ya matso, ya ce ba inda za shi.

Wata ranar Talata da hantsi, kafin Halilu ya iso, Zakariya'u ya zo gaban kaskona ya tsuguna.

"Uwar ƙosai, itacen nan naki ba a rasa kunama a ciki. In kin kashe wata, kada ki yar."

"Me za ka yi da ita, Sarki?"

"Ki cire ƙarin, ki ɗora mini ita a kan ramata. Kuma ki kama bakinki, in zai kamu."

Ban tambaye shi komai ba, don na gane. Da ma akwai wata da na take da asuba, ƙatuwa, baƙa wuluk. Na gyara mata zama a saman ƙullin ramarsa, na ɗaga mata wutsiya da ɗan tsinke har ta fi mai rai ban tsoro.

Halilu ya iso yana ƙwanƙwasa sanda, ya yi sallama, ya zauna a wurinsa na kullum, dama da Sarki. Zakariya'u ya ɗauko labarin farashin wake, yana magana yana miƙa hannu wajen ramar a hankali, a hankali. Ina kallon taubashina. Na ga wuyansa ya sanƙare. Na ga bakinsa ya buɗe ya rufe. Yatsun dattijon saura ƙiris su taɓa ta.

"Sarki, kunama!"

Ya yi tsalle ya bangaje Zakariya'u gefe, ya cire takalmi ya hau dukan matacciyar kunama, yana duka yana zaginta har kakanninta. Linet ya faɗi can, sanda ta faɗi can. Sai da ya mai da ita gari sannan ya lura babu mai motsi a gindin tsamiya.

Zakariya'u ya tashi zaune yana kakkaɓe riga. "Wace iri ce, Halilu? Baƙa ko ja?"

Ɗaya daga cikin matan ta fara ƙyalƙyalewa, sai tabarma duka ta ɗauka, har da mai buga ƙasa. Ni kuwa ƙosaina ya ƙone a kasko ban sani ba.

Shi bai yi dariya ba. Ya durƙusa ya tattara ramarsa da wuƙarsa, ya ciro kart daga aljihu ya ajiye a gaban Sarki.

"Na san doka, ranka ya daɗe. Ni na kawo ta."

"Zauna, sarkin wauta," in ji Zakariya'u. "Kana tsammani yau muka sani? Tun ranar da ka dawo daga ta'aziyyar ƙaryar nan. Da, sandarka ce take gaba ƙafarka tana bi. Yanzu ƙafa take gaba, sanda tana bin ta kamar bara. Ka daina shaƙar hanci in an kawo abinci. Igiyarka kuma ta lalace, don kallonta kake yi maimakon ka ji ta. Mun yi ta jira ka faɗa mana mu yi murna, kai kuwa ka hana mu. Sati biyar, Halilu! Mu goma sha huɗu, Allah ya buɗe wa ɗayanmu, sai ya ɓoye mana kamar ya yi sata."

A nan dariyar kowa ta tsaya.

"Tsoro na ji," in ji Halilu. "Kada ku ce in tashi."

"Da na zo ƙofar ɗakinka, ka ji na ce maka ina neman ƙarin makaho? Makafi sun ishe ni. Mutum na je fitarwa."

Aka yanke masa hukunci a take, kuma ba a sassauta ba. Zai koma wurin majo a buɗe na hagu. Ƙungiya za ta nemi aron amalanke, shi zai riƙa ja, ya bi ƙauyukan da ya sani ya nemo waɗanda suka shige ɗaki suka ja ƙyaure: mai yana a kai shi Magariya, wanda nasa ba na aiki ba ne a kawo shi tsamiya. Game da doka kuwa, Sarki ya ce ba za a taɓa ta ba, tana nan yadda mai ita ya kafa ta. Mai ido ba ya hawa tabarma. Saboda haka duk sanda Halilu zai hau, sai ya rufe idonsa a bakin tabarma kamar yadda ake cire takalmi.

Zuwa yanzu mutum shida ya kai Magariya, biyu ya kawo tsamiya. Wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Yekuwa ta ƙi fitowa, ya yi kwana uku yana zama a ƙofarta yana kushe furarta har ta fito da muciya.

In ka biyo ta kasuwar Bande da la'asar za ka gan shi dama da Sarki, idanu biyu lafiyayyu a rufe gam, rama a cinya, baki yana aiki. Igiyarsa ta dawo daidai. Jiya na kai musu ƙosai, na lallaɓa na ɗauke babban daga gabansa. Na ga fatar idonsa tana rawa, yana so ya buɗe. Zakariya'u, ko juyowa bai yi ba, ya ce, "Halilu, ina jin ka."

Bai buɗe ba. Na cinye abina a gabansa.