Aljihun Cikin Hannun Riga

Duk layin an san Inna Tela da abu biyu: ɗinkin kayan makaranta da kaifin hanci. Tun da tarin sigari ya kai mijinta kushewa, ba rigar da za ta gifta ta ba ta shinshina ba. Autanta kuwa, kafin ya cire takalmi ta cafko wuyan rigarsa. Kullum ƙamshin mangwaro take ji, sai hankalinta ya kwanta. Wai alewa ce.

Bana yara suka fito da sabon yayi, ɗan siririn aljihu a cikin hannun riga, wai na biro. Baiwar Allah ta ɗinka wa 'yan ajin Auta kaf, har tana yaba musu son karatu.

Ranar da ta juya rigar Auta za ta tsuke ta, don yaron sai ramewa yake, wani abu ya faɗo kan keken ɗinki. Kamar biro mai kauri, da ramin caji a gindi, yana ƙamshin mangwaro. Maƙwabcinta mai gyaran waya ya ce sigarin lantarki ne, kuma abin da ke hana mutum barin sigari yana cikinsa.

Da yamma abokan Auta suka zo karɓar ɗinki, ta jera su kan benci tare da shi. Tsoro ya hana ta yi musu faɗa, sai kawai ta ajiye abin a gabansu.

"Haba Inna, wannan fa ba hayaki ba ne, tururi ne kawai," in ji dogon cikinsu.

"Shi huhun ya gaya maka yana son tururi? To a cikinku wa zai iya wuni guda bai zuƙa ba?"

Kowa ya shiga shafa hannun rigarsa.

Auta ya buɗe baki zai kare su, sai tari ya sarƙe shi, busasshe, daga can ƙasan ƙirji. Ya miƙe ya dafa ƙofa, daidai inda ubansa yake dafawa. Abokan suka yi dariya. Inna ba ta yi ba, don ta yi shekara da shekaru tana kwana kusa da wannan tarin.

Ta jawo sababbin rigunan, ta ɗauki reza ta shiga farke aljihunan. Ɗinkinta ne, mai ƙarfi, da ƙyar zaren yake saki. A bayanta tarin bai tsaya ba.