Sababbin Kuɗin Mama Saratu

Ni wawa ne, kuma irin wawan nan mai ganin kansa gwani, wanda ya fi kowane wawa cin asara. Aji uku na yi a firamare, malam ya gaji da ni, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Na zo Kaduna na zama karen mota, Nasarawa zuwa babbar kasuwa, ina maƙale a ƙofar bas ina ihu. A ƙofar nan na yi karatun da ya kai ni fursuna, don haka ku saurara, yara.

Na lura ba fasinjan da ke miƙo maka kuɗi mai kyau. Mutum zai tsallake sabuwar naira, ya lalubo wadda ta sha manja da gumi, an ɗaure mata ƙugu da salatif, ya ce, "Ungo, kwandasta." Ni ma da ita nake fara ba da canji. Tsohuwa na ta yawo kamar akuyar da ba ta da mai ita, sabuwa kuwa na kwance ƙarƙashin katifa. A wurin gwamnati darajarsu ɗaya, a zuciyar mutane ba ɗaya ba.

Da ƙarami na fara. In wanke tsofaffin takardu, in sa musu ɗan sitati, in bi su da dutsen guga, in sayar wa masu biki da 'yar riba. Na ce ai wanki ne, ba sata ba. Sai wani da ya taɓa aiki a maɗaba'a, muna ce masa Oga Biro, ya ga aikina ya ƙyalƙyale da dariya. "Kai kana yi wa tsoho wanka, ni kuwa jarirai nake haifa." Ya zaro naira goma-goma, sababbi fil, har ƙamshi suke. Na ce in an kai kasuwa aka gane fa? Ya ce, "Kai da ka san mutane, wa ke kai sabon kuɗi kasuwa?"

Sai na shiga neman masu ajiya. Cikinsu akwai Mama Saratu, wadda mijinta ya rasu, tana sayar wa ma'aikatan masaƙa tuwo a bakin get. Kullum sai ta ƙara min tsoka ɗaya. Tara kuɗi take yi ta sayi fili a Narayi, don ta gaji da gorin mai gidan haya. Na ce mata ina da ɗan'uwa a banki. Duk Asabar ta ba ni nata masu warin miya, in ba ta jariran Oga Biro, ta naɗe a leda ta tura cikin gwangwanin madara. "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Waɗannan ko yunwa za ta kashe ni ba zan taɓa su ba." Abin da nake so in ji ke nan.

Kwatsam, zamanin soja, rediyo ya ce an canza launin kuɗi, kowa ya kai nasa banki cikin 'yan kwanaki. Duk katifar da ke Kaduna aka ɗaga ta. Oga Biro ya ɓace kamar an shafe shi. Ni kuwa zama ya gagare ni: in na zauna in miƙe, in na miƙe in rasa inda zan nufa. A rana ta uku na hango Mama Saratu a layin banki, gwangwanin ɗaure a bakin zane. Ta ɗago min hannu. "Ɗana! Ina ɗan'uwan naka? Ce masa ya shigar da ni ta baya mana, ƙafafuna sun kumbura." Kalma biyu ta isa in ce mata: koma gida. Na ce, "Ina zuwa, Mama," na ɗare motar da ke wucewa.

A gaban kantar banki aka kama ta. Kwana shida ta yi a sel kafin su yarda ba ita ke bugawa ba. Ni kuma a Rido suka zaƙulo ni, ƙarƙashin tankar mai, da sauran jabun a cikin safa. Kun ji wauta? Ni ma kyansu ya hana ni zubar da su.

Shekara biyar na yi a ciki. Na fito ba haƙori biyu, ba aboki ko ɗaya, na tuba ga Allah, na koma dako a kasuwa. Shawarata gare ku: duk wanda ya karɓi mummuna a hannunku ya ba ku kyakkyawa, ku tambaye shi ribarsa. Kuma kada ku raina ƙaramar dabara, ita ke buɗe wa babba ƙofa.

Na daɗe ina kewaye layin su Mama Saratu kafin na iya shiga. Tana nan a ɗakin hayar dai, filin Narayi ya yi tsadar da ba za ta ƙara kamo shi ba. Na durƙusa na ce ta yafe min. Ta dube ni ta ce, "Na yafe tun a sel, don in samu in yi addu'a. Amma ka sani, yanzu ko ɗan cikina ya miƙo min kuɗi sai na ɗaga su a rana na duba, yana kallona. Wannan fa, wa zai canza min shi?"