Inda Na Kafa Sanda

A inda na tashi ba a shiga kufai da tsakar rana. Garin da mutane suka tashi suka bari ba ya zama babu kowa, wasu ne suke tarewa, kuma ba sa son a dame su idan rana ta take. Haka aka gaya mana muna yara, haka ni ma na gaya wa 'ya'yana, duk da na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa a firamare a Gaya ina hana ɗalibai camfi. Sai da na tsufa 'yata ta kai ni ƙasar da ake bin layi a shiga kufai da ƙarfe goma sha biyun rana, har da ɗaukar hoto.

'Yar tawa likita ce a Jamus. Sunan mahaifiyata aka sa mata, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, Uwata nake ce mata. Bayan na yi ritaya ta matsa sai na je an duba mini idanu. Da aka gama ta ce ta ɗauki hutun mako guda, za mu shiga jirgin ruwa mu bi kogin Rhine, kullum jirgin ya tsaya a wani gari mu sauka mu yi kallo. Na ce mata ni da kogi ya kore mu daga garinmu, me ya rage mini in kalla a ruwa? Ta ce, "Baba, kai dai ka shirya." Na shirya.

Jirgin dogo ne, kamar an ɗauko jerin ajujuwa mai hawa uku an ɗora a kan ruwa. Duk garin da muka tsaya sai a rataya wa kowa wata 'yar rediyo a wuya, a toshe masa kunne da igiyarta. Ɗan jagora ya ɗaga allo mai lamba ya yi gaba yana magana, mu bi shi a baya. Ni ne kaɗai mai babbar riga da hula a cikin tsofaffin Turawa masu gajeren wando, kuma ni ne kaɗai nake yi wa mutanen kan hanya sannu. Babu mai amsawa, amma ban fasa ba. Ranar farko mun shiga wani coci mai tsawon da sai da na dafe hulata kafin in ga ƙarshensa. Na yaba, don aikin ya isa yabo.

A rana ta biyu, muna tsaye a bakin ruwa muna jiran mota, ƙanena ya kira ni daga Ajingi. Manomi ne, mai iyali da yawa da gona kaɗan. Bayan mun gaisa ya ce, "Yaya, bana tsohon gari nake so in noma. Yaran nan sun girma, gonar ba ta isar mu. Na yi magana da mai tarakta. Abu ɗaya nake jira, ka zo ka nuna mini inda Inna take, in kewaye wurin."

Na ce, "Idan na dawo zan nuna maka."

Ya ce, "Kanyar nan fa masu gawayi sun sare ta tuni, har kututturen sun tone. Ka dai tuna wurin ko?"

Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan?" Na ɗaga murya har wata tsohuwa ta waiwayo. Ya ba ni haƙuri, muka yi sallama.

Tsohon garin namu ƙauye ne a bakin kogi, can wajen Gafasa. A can mahaifiyarmu ta rasu ina ɗan shekara goma sha uku, ƙanen nawa ko yaye shi ba a yi ba. A bayan gida aka binne ta, kusa da wata kanya, kamar yadda ake yi a ƙauyen a lokacin. Ni aka aika cikin gida na ɗauko tukwanen da aka fasa aka jera a kan itacen kabari, har da tukunyar tuwonta. Bayan damina biyu ambaliya ta dame mu, aka kwashe gari aka koma tudu. Mahaifinmu da 'yan'uwansa da liman da duk wanda ya tsaya a bakin kabarin nan sun riga mu gidan gaskiya. Ni kaɗai na rage.

Ni kuwa akwai halin da koyarwa ta bar mini. Ban taɓa tsayawa gaban aji na ce ban sani ba. Idan yaro ya yi tambayar da ta fi ƙarfina, sai in ɗaure fuska in ba shi amsa da muryar da ba za ta bar shi ya sake tambaya ba. Matata ta sha yi mini tsiya a kan haka, tana cewa ko hanyar da ban taɓa bi ba aka tambaye ni sai na yi kwatance.

A rana ta uku jirgin ya shiga inda tsaunuka suka matse kogin, kowane tsauni da rusasshen gidan sarauta na dutse a kansa. Aka hau da mu ɗaya. 'Yar jagorarmu yarinya ce da ba ta kai sa'ar Uwata ba. Ta tsaya a wani fili da babu komai sai ciyawa da duwatsu iya gwiwa, ta nuna da allonta. Nan ne madafa. Nan ne ɗakin matar gidan, tagarta tana kallon ruwa. Nan ake ɗaure dawakai. Mutanen da suka mutu shekaru ɗaruruwa da suka wuce, amma ta san inda suke hura wuta.

Sai na ce bari in yi wa gidanmu haka. Na rufe ido. Ga zaure, ga rumbu biyu, ga ɗakin Inna, ga danga, ga kanya a bayanta. Ga maza a tsaye, ga ni riƙe da tukunya. To kabarin yana dama da kanyar ne ko hagu? Idan ka fito daga rijiya ne yake dama, ko idan ka fito daga gida? Taku goma ne ko ashirin? Na ga ƙafafun mahaifina da laka a jiki, na ga baƙin gindin tukunyar, amma ƙasar da suke tsaye a kai ta ƙi tsayawa wuri ɗaya. Shekara hamsin ina da tabbacin na san wurin, ashe don babu wanda ya taɓa tambaya ta ne. Daga Gaya zuwa kufan garinmu bai kai tafiyar awa ɗaya a babur ba. Na je Makka, ga ni a Jamus, amma rabona da wurin ya fi shekara ashirin.

Daga ranar ban ƙara ganin garuruwan nan da kyau ba. Uwata ce take shiga gaba a cikin lungunansu masu daɓen dutse, ta yafa mayafi, kafaɗarta ta hagu a ɗan karkace. Ban taɓa lura haka Inna take tafiya ba sai a can. Na lissafa na ga yarinyar ta girmi shekarun da Inna ta yi a duniya. Sau biyu ta sha kwana ta ɓace mini na ɗan lokaci, sau biyu na buɗe baki zan kira ta da abin da nake kiran mahaifiyata.

A wani ƙaramin gari aka shigar da mu gidan kayan tarihi. A cikin akwatin gilashi, an haska masa fitila, ga tsingaro, fasasshiyar tukunyar ƙasa, irin wanda muke takawa a bola. An rubuta masa takarda, an faɗi inda aka tono shi. Ɗaya yana da baƙin hayaƙi a gindi. Na tsaya a kansa har ayarinmu ya fita, muryar 'yar jagora ta yanke a kunnena. Uwata ta dawo ta taɓa ni ta ce, "Baba, jirgi ba ya jiran kowa fa."

Ana saura kwana ɗaya mu sauka aka sake hawa da mu wani kufan. Jagoran ranar ya nuna mana wani rami a jikin katanga da aka rufe da ƙarfe, ya ce rijiyar gidan ke nan, daga nan suke sha idan abokan gaba sun kewaye su. Kowa ya leƙa ya ɗauki hoto. Gwiwata ta dame ni, na ce su ci gaba, na zauna a kan dutse. Rana ta take, wurin ya yi tsit, na kama karanta abin da ya zo bakina. Can sai ga wani ayarin da nasu jagoran, dattijo mai babbar murya. Ya tsaya a kan ramin nan ya ce musu rumbu ne, nan ake ɓoye hatsi, rijiyar tana can ƙasa bayan ƙofa. Su ma suka leƙa, suka gyaɗa kai, suka ɗauki hoto.

Da farko raina ya ɓaci irin na hedimasta, na so in tashi in haɗa su biyun su gaya mini wane ne maƙaryaci. Sai kuma wani abu ya biyo baya, wanda har yau nake jin kunyarsa. Sanyi na ji a raina. Na ga ashe mai nuni ba sai ya sani ba, ya dai nuna da ƙarfi, masu kallo za su tafi gida da kwanciyar hankali.

Da yamma muna zaune a saman jirgi, gonakin inabi suna wucewa, Uwata ta ce, "Baba, idan na zo gida ka kai ni wurin mai sunana. Ban taɓa zuwa ba." Na ce to. Da a nan na faɗi gaskiya, da ita ce za ta fi kowa yi mini uzuri. Na gyara zaman hulata na tambaye ta ƙarfe nawa za mu isa gobe.

Na dawo gida an riga an yi ruwan shuka. Kwana biyu da dawowata na hau mota zuwa Ajingi, ƙanena ya goya ni a babur. Da sassafe muka so tafiya, gaishe-gaishen dawowa suka riƙe mu, ba mu isa ba sai da rana ta take. Mai tarakta yana jira a gefe. Babu gini, babu danga, babu kanya, rijiyar ta cike ta shafe. Kogin ma ya sake hanya, yana inda ban bar shi ba. Fili ne kawai da sabara, tsingaro kuwa ko'ina ka taka.

Ƙanena ya tsaya a bayana da turaku huɗu a hannu. Gemunsa ya yi fari, bai san fuskar uwarsa ba, ko hotonta babu. Ya ce, "Yaya, ina ne?"

Zan iya cewa ban sani ba. Zan iya cewa ya bar duk ɓangaren nan kada a taɓa, amma rabin filin ke nan, kuma na san bakin da yake ciyarwa. Wannan ce hujjar da nake ba kaina. Gaskiyar ita ce kalmar ce ta ƙi fita. Na ɗaure fuska, na dubi gabas, na yi tafiya ina ƙirga taku da ƙarfi don ya ji. A na goma sha biyar na tsaya na kafa sandata na ce, "Nan ne."

Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya daɗe yana addu'a. Ya kafa turakunsa, ya ɗaga wa mai tarakta hannu. Na tsaya ina bin bakin garmar da ido tana kifa ƙasa, ina duban ko za ta fito da abin da zan gane. Tsingaro ta yi ta fitarwa, jere bayan jere, da yawa masu baƙin gindi.

Yanzu ya kewaye wurin da shingen aduruku, duk Juma'a yana zuwa. Da Uwata ta zo hutu na kai ta na nuna mata, ta yi addu'a ta ɗauki hoto. Da kaka ƙanena ya kawo mini buhun gyaɗa har Gaya a Adaidaita. Muna zaune a zaure yana ba ni labarin gonar, ya ce, "Akwai wani ɗan wuri, Yaya, gabas da shingen kamar taku goma. Gyaɗar wurin ta fi ta ko'ina kyau, ganyen nan kore shar. Me ke wurin a da?"

Na ce, "Jujin gidanmu ne."

Ya ce, "Ai shi ya sa." Ya kwance bakin buhun ya ɗebo ya ɓare ya miƙo mini, ya ce ta wurin ce ya ware mini. Na karɓa na riƙe a hannu har ya tafi. Wataƙila jujin ne da gaske. Buhun yana nan a zaure, jikokina suna ɗiba, ni dai har yau ban kai ko ƙwaya ɗaya bakina ba.