Hannun Matar Ɗana

Ko da hankalina zai gushe don tsufa, ban jin zan manta da daminar da na kusa kashe auren ɗana da bakina.

Muna zaune wani ƙauye kusa da Tama, shekara biyu bayan babban fari. Ɗana na fari ya auro yarinya daga Karofane, mai kunya, mai aiki. Ni kuwa kowa ya san ni, ba a wasa da aiki gidana. Ban yi lakkwal ba, wato boko, amma idona bai barin komi ya wuce, kuma da shi nike taƙama.

Bayan haihuwarta ta biyu sai ta canza. Da safe in ta ɗauki taɓarya sai ta suɓuce mata. Maza na gona suna noma, fura ba ta isa sai rana ta take. Amma da azahar ta yi, ga ta nan tana wanki, har kitso take ma maƙwabta tana dariya. Na ce a raina, wane irin ciwo ne mai tsoron turmi, bai tsoron kitso? Wannan ƙiwuya ce.

Na kira ɗana bayan rumbu na ce, "Da an yanke gero ka mai da ta gidansu. Ban iya ciyar da malalaciya." Ya sunkuyar da kai. Bai taɓa musa mini ba, abin da ya sa maganar ta zama mai haɗari ke nan.

Sai na so in kama ta da idona, don in samu abin faɗa ma iyayenta. Wata safiya na ce na tafi ɗiban ruwa, na zagaya na laɓe bayan dannin kara ina leƙe. Na zaci zan gan ta kwance. Abin da na gani, tana durƙushe da jinjiri a baya, tana son ta ɗaure goyo, yatsun sun ƙi lanƙwasa. Ta kama bakin zane da haƙori, ta danne da gwiwar hannu, ya kwance. Sau uku. Hawaye na zuba, ba ta ko yi ƙara ba don kar a ji.

Na shigo na ce, "Ke, miƙo hannunki." Ta ɓoye. Na fizgo shi. Gaɓɓan yatsun sun kumbura, da zafi kamar an ciro su daga toka.

"Tun yaushe?"

"Tun wankan jego, Inna."

"Shi ne kinka yi shiru? Bakinki ma ya kumbura?"

Ta ce, "Na ji tsoro a ce an kawo muku musaka."

Maigidana ya ce a kira wanzami ya yi mata tsaga. Na ce a'a, na riga na yi kuskure ɗaya, ban ƙara na biyu da aska. Ranar kasuwa munka hau kamyo, babbar motar kaya, zuwa gidan likita, Bouza.

Majon da munka iske, babban ma'aikacin jinya, wani dattijo mai barkwanci, ya matsa yatsun ɗaya bayan ɗaya. Na ce, "Majo, hwaɗa mini gaskiya. Mi ya sa da rana take warkewa?" Ya dube ni ya ce, "Hajiya, ke ce uwar mijin ko? Na gani ga fuska." Ya ce cikin jinin mutum akwai masu gadi, suna jiran saƙo. Nata an aika musu saƙon ƙarya, wai abokin gaba ya shiga gaɓɓai, sai sunka taru can suna faɗa da jikin da suke gadi, suna ta kiran 'yan'uwansu. Zafin da kumburin, faɗan ne. In ta kwana ba motsi gaɓɓan su sandare, in ta motsa rana ta yi sai su saki. Ya ce ba ya da maganin da zai kore shi gaba ɗaya, amma ƙwayoyin da zai ba ta za su rage, ta riƙa gasa hannun da ruwan ɗumi.

Wallahi sai na ji kamar an sauke mini dami daga kai. Gero bai nuna ba tukuna, maganar kuwa ba ta fita daga tsakanina da ɗana ba.

Da munka koma na same shi na ce, "Zancen nan na bayan rumbu, na janye." Ya ce, "Wane zance, Inna?" yana murmushi. Allah Ya yi mishi albarka, ya rufa mini asiri.

Na juya aikin gida. Dakan safe ya dawo hannuna, ita ta ɗauki tuwon dare da wanki. Matan unguwa na wucewa suna tsiya, "Yau uwar miji ke ma suruka daka? Duniya ta tashi!" In ce, "Turminku na taɓa?" Ciwon bai bar ta ba, wata shekara ya tashi, wata ya lafa, yatsu biyu ma sun karkace. Amma ta zauna ɗakinta, ta haifi huɗu bayan nan.

Tun daga ranar, in na ga mutum ya kasa abin da ya saba yi, ban yanke mishi hukunci daga nesa. Sai na matsa kusa na tambaye shi ina ke mishi ciwo.