Gaisuwar Tsaye

Yayanmu, babban ɗan Inna, ma'aikacin tsaro ne na farin kaya, irin waɗanda za ka gani da kaftani da hula kamar kowa. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan biyo ta gidanmu na Ƙofar Rini ya gaishe ta kafin ya koma bakin aiki. Ni ma ranar nake rufe keken ɗinkina in baro Runjin Sambo in wuni a gida, shi ya sa na ga gaisuwar nan har na haddace ta. Tun daga tsakar gida yake tuɓe takalmi, ya zo bakin ƙofar ɗakinta ya durƙusa har ƙasa, kai a sunkuye. Ita kuwa ta kau da kai tana amsawa kamar da bango take magana. Ɗan fari ne. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ta kama sunansa ba. "Wanga" take ce masa, in ta ji daɗi ta ce "mutumen ga".

Kowa a gidan ya san yana yawo da ƙaramar bindiga. Sauran ranaku a ƙugu take, cikin kubenta na fata. Amma ran Juma'a babbar riga yake sawa, wai kuben yana tokare masa ciki in ya zo durƙusawa, sai ya zare ta ya jefa a aljihun gaban riga. Duk wanda ya san aljihun babbar riga ya san bakinsa a buɗe yake. Ni da ɗinki ne sana'ata na fi kowa jin haushin abin.

"Yaya, abin ga in ta hwaɗi ƙasa ba ta tashi?" na tambaye shi wata rana.

"Kulle take," ya ce. "Ke dai ji da zarenki da allura."

Na ji zafin maganar, amma yaya ne, na haɗiye.

Ranar da abin ya faru zafin Sakkwato ya kai inda ya kai. Ina zaune gindin darbejiya ina dama fura, Inna tana bakin ɗaki kan tabarma. Ya shigo da rigarsa ta shadda tana ƙyalli, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya sunkuya. Na ga abu baƙi ya sulluɓo daga aljihu ya daki siminti. Ƙarar da ta biyo baya har yau ba na son tunawa da ita. Kaji suka watse, ludayi ya kuɓuce mini, kunnuwana suka toshe.

Abin da na fara ji da kunnena ya buɗe shi ne muryar Inna tana ƙwala kiran sunansa. Sunan yanka, cikakke, da ƙarfin da maƙwabta ma sun ji. Ta miƙe da sauri, ita da kullum take kukan gwiwa, ta kama shi tana shafa ƙirji, tana ɗaga hannun riga tana neman jini. Babu ko ƙwarzane. Harsashin ya bi ta gefe ya fasa babbar randarta da ke kusurwa, ruwa na malala har ƙarƙashin tabarma.

Da ta tabbatar lafiyarsa lau, sai ta tuna ko ita wace ce. Ta sake shi, ta gyara ɗankwali, ta juya wajen randa.

"Wanga ya kashe mani randa! Randar da nit taho da ita gidan ga!"

Ni dariya ta kama ni, hawaye na zuba. Na ce, "Inna, wa kinka kira yanzu?" Ta ce in ban rufe mata baki ba za ta rufe mini shi da muciya.

A wurin aiki ya sha tambayoyi. Aka karɓi bindigar aka duba, aka ce ta tsufa, makullin ya saki, aka ba shi wata. Wannan duk bai dame shi ba kamar hukuncin da Inna ta yanke. Ta ce muddin yana ɗauke da wannan abu, kada ya ƙara durƙusa mata.

"Gaishe ni tsaye. Na yahe."

Ya yi bayani har ya gaji. Sabuwa ce, ko daga kan soro ta faɗo ba ta tashi, kuma yanzu a kube take, ba ya ma barin harsashi a bakinta. Inna ta ce waccan ma ai kulle take. Na so in ce wani abu game da zare da allura, da na ga idonsa sai na fasa.

Haka aka shiga gaisuwar tsaye. Mutum mai iyali, wanda ƙananan ma'aikata ke ƙame masa, ya zo ya tsaya ƙiƙam a kan mahaifiyarsa yana cewa ina wuni. Bai san inda zai sa hannuwansa ba. Ya kai su baya, ya dawo da su gaba, ya ɗan ranƙwafa, ta daka masa tsawa ya miƙe. Da fari abin dariya yake ba ni, har nakan kwaikwaye shi in ya fita. Daga baya ya fara ba ni tausayi. Wata gwaggonmu ta zo ta tarar da su haka, kafin mako ya zagayo magana ta kai Sabon Gari wajen dangi cewa tun da aka ƙara masa girma ya daina durƙusa wa uwarsa. Da ya ji, sai gaisuwar ta riƙa gajarta. Ya bar tsayawa shan fura. Akwai Juma'ar da bai zo ba sam, ya aiko da goro. Inna ta karɓa ta ajiye, ta wuni tana faɗa da kaji.

Na same shi har gidansa. Na ce, "Yaya, wurin aikin naku ba su da inda aka aje bindigar ga ko na awa guda? Tsohuwar ga ba ta cin abinci ran Juma'a." Ya ce in daina shiga abin da ba ruwana. Na ce da ruwana, har da na randa. Ya harare ni, na harare shi, na yi tafiyata.

Juma'ar da ta biyo ya shigo da babbar rigarsa, ya tuɓe takalmi, ya tsaya tsakar gida ya zazzage aljihun gaba. Carbi ne kawai ya faɗo.

"Na baro ta ohis, Inna."

Ba ta yarda ba. Ta taso ta laluba ƙugunsa, ta bubbuga aljihunan wando, kamar yadda ake yi wa matafiya a shingen hanya. Shi kuwa ya ɗaga hannuwa sama yana danne dariya. Ta koma kan tabarma ta zauna, ta kau da kai wajen bango.

"To, durƙusa."

Ya durƙusa har ƙasa ya sunkuyar da kai. Ya gama ina wuni, ya gama ina gajiya, ya tambayi gwiwa, bai tashi ba. Ita ma ba ta sallame shi ba. Can na ga ta juyo a hankali, ta miƙa hannu ta ɗan ture hularsa baya, ta daɗe tana kallon tsakiyar kansa.

"Ashe hurhura ta hito maka," ta ce. "Kana can bisa tsaye, ina zan gani?"

Sai ta juyo kaina ta ce me nake kallo, in tashi in kawo wa mutumen ga fura.