Tumakin cikin faranti

Na je Italiya ta ruwa, an koro ni ta sama. Abin da na komo da shi gida faranti guda ne.

Wani tsoho mai sayar da tsoffin kwanuka a can ya ba ni shi. Ni nake ɗaukar masa kaya ranar kasuwa. Farantin ƙasa ne, an shafa masa farin ruwa mai ƙyalli, an yi zane a kai da shuɗi da kore da ruwan ɗorawa. Ya ce ya girmi kakan kakansa. Bakin farantin ya tsage an liƙe, shi ya sa babu mai saye. A ciki akwai makiyayi kwance gindin itace yana busa sarewa, ga mace kusa da shi, ga tumaki bayansa.

Babana makiyayi ne kafin fari ya cinye masa garke. Ya hana ni tafiya, na tafi. Da na sauka garinmu Bazaga, Inna ta yi kuka, ta dama mini fura. Shi kuwa ya amsa sallamata, daga nan bai ƙara ba. Idan na shigo ya fita. Na ga teku, na ga kurkuku, ba su kai wannan ciwo ba.

Inna ta sa farantin cikin jerenta. Idan za ta yi salla sai ta kife shi, saboda hoton mai rai. Wata rana ta wanke shi ta shanya a tsakar gida. Baba yana zaune, ina gyaran amalanke. Ya ɗauka ya kai kusa da ido. Ya daɗe.

"Wanga wane irin makiyayi ne?" ya ce. Bai dube ni ba, amma babu kowa wurin sai ni.

"Na can ne, Baba."

"Ya ba dabbobi baya yana hira da mace. Ina sandatai?"

"Ba shi da ita."

"Ina rijiya?"

"Ga rafi nan, shuɗin."

Ya yi tsaki. "Ɗan hutu." Sai ya ɗora yatsa kan wata tunkiya ta can gefe, wadda ta sunkuyar da kai. "Wagga ba ta da lahiya. Ka gani ta ware? Shi ko bai ma lura ba."

Na matso na duba. Na sha kallon farantin nan, ban taɓa kula da ita ba.

"Ka gan su da idonka, masu gashin ga?"

Na ce na gan su. Ya ce in zauna in gaya masa abin da suke ci. Na zauna. Muna nan har Inna ta kawo tuwo, ta ajiye kwano guda tsakaninmu.

Daga ranar farantin ya koma ɗakinsa. Inna ta taɓa cewa za ta zuba wa baƙi abinci ciki, ya ce ba a zuba wa dabbobi miya a ka. Kowace safiya sai ya duba marar lafiyar, ya ce, "Tana nan da ranta."

Baba ya rasu bayan kaka. Kafin nan ya raka ni kasuwar Badaguishiri, shi ya buɗe bakin tunkiyar da na fara saye ya duba haƙora.

Ina Bazaga yanzu. Ina kiwon jikokin tunkiyar nan. Farantin yana ɗakina, da safe nakan duba marar lafiyar ta gefe.