Ranar da Muka Ba Inji Haƙuri

Ko tsufa ya zo ya kwashe mini tunani, ba na jin zan manta da ranar da ni da kawuna muka zauna muna ba inji haƙuri.

A lokacin ina kula da wata ƙaramar manhaja da ke sa kwamfuta ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ. Na saka ta a wani babban rumbun manhajojin kyauta da 'yan sa-kai na duniya ke tafiyarwa, inda kowace manhaja take da mai kula da ita. Ni ce mai wannan, ina ta ji da kai kamar na gina bene. Kawu yana da shagon buga katunan biki a Fagge, kuma da ita yake aiki, shi da wasu masu ɗab'i a Sabon Gari.

Da aka sabunta rumbun, sai manhajar ta fara zubar da lanƙwasar ƙ wajen bugawa. Kawu ya fitar da katin ɗaurin aure na gwaji, inda ya kamata a ga "manyan baƙi" sai ga "manyan baki", ga sunayen alhazan kasuwar Singa reras a ƙasa. Muka yi dariya har da hawaye. Ba mu gama ba saƙon imel ya shigo da Turanci, wai an kai rahoton matsalar, in ban gyara ba kafin wa'adi za a cire manhajar daga rumbun. In aka cire ta, su Kawu za su rasa haruffanmu, ga lokacin bukukuwa ya matso.

Kawu ya gyara zaman hularsa. "'Yar nan, ba a yi wa babba magana gatsal. Fara da gaisuwa, ki tambaye shi gajiya da iyali. Sannan ki ce ke yarinya ce, a dubi girman Allah a yi mana afuwa."

Na juye maganarsa tsaf zuwa Turanci na aika. Kafin Kawu ya kurɓi shayinsa amsa ta dawo, saƙon ɗazu ne sak, ko waƙafi bai canza ba.

"Ikon Allah! Ko gaisuwar bai amsa ba? Ƙara masa, ki faɗa masa kakanki alƙali ne."

Wallahi na ƙara. Sai da amsar ta sake dawowa na hango wani ɗan layi can ƙasa, wanda fargaba ta hana ni gani, wai inji ne ke aika saƙon, ba mai karanta amsa.

"Kawu, ai inji ne."

"Inji? To me yake so?"

"Gyara kawai."

"To tashi mana ki ba shi, kin zauna kina ɓata mana gaisuwa!"

A nan shagon na duƙufa, cikin ƙaurin tawada, har na gano inda lanƙwasar ke ɓacewa. Na gyara na tura, aka janye gargaɗin. Alhazan Singa suka koma manyan baƙi. Da na kawo wa Kawu albishir sai ya ce, "Duk da haka ki yi masa godiya, kada ya ce ba mu da tarbiyya."

Tun daga ranar na gane cewa haƙuri mutum ake ba, shi kuwa aikin da aka damƙa maka ba ya jin magiya, sai ka tashi ka yi shi. Godiyar dai na aika.